Ɗigon Dalma a Motar Ƙugiya

Tun kafin masifar ta iso ƙofarsu Auta ta ji motsinta. Ƙarar faɗuwar tebur ta fara ji daga bakin layi, sai kuma muryar mai sayar da caja yana ihu yana kiran jama'a. Ta ajiye wayar da take liƙewa ta leƙa waje.

Wani ƙaton mutum ne ya shaƙe mai cajan da hannu ɗaya, ya manna shi da bango har ƙafafunsa na reto. Da ɗaya hannun yana kaɗa masa wata 'yar farar adafta a gaban hanci. Cajoji da igiyoyi sun watse har cikin kwata. Mutane sun yi cirko-cirko, amma babu wanda ya matsa kusa.

"Ka ce za ta yi caji ko ba ka ce ba?"

Mai cajan ya buɗe baki, magana ta ƙi fita. Mutumin ya ja kai baya ya gwara masa goshi a hanci. Daga inda take Auta ta ji ƙarar, kamar an taka busasshiyar ƙwarya. Da ya sake shi sai ya sulale ƙasa, jini na bin haɓarsa.

"Ƙugiya ne," in ji Baba Mai Faci, tsohon da ke facin taya a jikin shagonsu. Ƙasa-ƙasa ya yi maganar, bai ko ɗago daga tayar da yake dannawa cikin ruwa ba. "Allah ya sa ba nan ya nufo ba."

Nan ɗin kuwa ya nufo.

Babu wanda bai san Ƙugiya ba a layin masu gyara. Direban janwe ne, motar nan da ke jan motocin da suka yi haɗari ko suka mace a hanya. Wasu sun ce daga ƙugiyar ƙarfen da ke bayan motarsa ya samo sunan, wasu suka ce a'a, don in ya maƙale wa mutum ne sai ya tafi da tsoka.

Shagon su Auta ɗaki ɗaya ne, mahaifinsu ya bar musu ita da yayanta. Gaba na Yaya ne, rediyon mota da sifiku jere cikin dogon akwatin gilashi. Can ciki kuma teburinta, da fitila, da madubin ƙara girma, da mita, da ƙarfen liƙi wanda in ta jona shi da safe ba ya hucewa sai an tashi. Yaya ke da baki, ita ke da hannu. Duk layin an san haka, Yaya ne kawai labarin bai kai wa ba. A lokacin yana can ƙarshen layi yana ɗaura wa wani sifiku a mota.

Ƙugiya ya shigo ya cika ƙofa. Ya dangwarar da waya da adafta a kan gilashin.

"Ina mai shagon?"

"Ga ni, Malam. Sannu da zuwa."

Ya dube ta sama da ƙasa. "Na ce mai shagon."

"Yayana ya fita. Amma in matsalar waya ce, ko yana nan ni zai miƙo wa."

Ya yi tsaki, amma ya faɗi abin da ke tafe da shi, yana yi yana dukan gilashin da yatsa. A gaban motarsa akwai wani mazaunin waya da aka haɗa da rediyo tun shekara tara da suka wuce. In ya dasa waya a kai, waƙa ta fito ta sifiku, kira ya shigo ta sifiku, caji kuma na shiga. Makon jiya tsohuwar wayar ta faɗi ƙarƙashin taya ta zama gari. Ya sayi sabuwa, sai bakinta ya ƙi shiga mazaunin. Ya sayi adafta. Waƙa tana fita sarai, amma batir sai ƙasa yake yi. Jiya da rana wayar ta mutu bai sani ba, motoci biyu suka yi karo a kan gada, aka neme shi aka rasa, wani ya je ya kwashe aikin.

"Ni da waya nake ci," ya ce. "In ta mutu na mutu. Yau nake so ta yi caji, ba gobe ba."

Auta ta ɗauki wayar ta kai ƙarƙashin fitila. Ta sa allura ta ƙwaƙulo ɗan zare da ƙura daga bakin cajin, ta goge da buroshi, ta jona ta da igiyarta ta shago. Nan take alamar caji ta fito.

"Wayar lafiyarta lau. Mu je in ga motar."

Janwen na tsaye a bakin layi, rabi a kan titi rabi a kan hanyar masu tafiya a ƙafa. Cikinta warin man dizal da gumi, ga sarƙoƙi tuli a ƙarƙashin kujera. Mazaunin na nan ɗaure da ƙusoshi huɗu kusa da sitiyari, baƙi, ya sha hannu har ya yi sheƙi, irin mai faffaɗan bakin nan mai ƙananan haƙora a jere. Ta gwada wata adaftar da ta taho da ita, abu ɗaya. Sai ta ce ya murɗa makulli, ta ɗora bakin mita a kan haƙoran, ɗaya bayan ɗaya. Yana tsaye a kanta yana huci, tana jin zafin numfashinsa a ƙeyarta.

Da ta gama ta juyo.

"Ka ga waɗannan haƙora biyu na gefe? Ta nan mazaunin ke ba da wuta, mai ƙarfin sha biyu. Wayoyin zamanin da haka suke sha. Sabuwar taka biyar take nema, kuma ta wasu haƙoran dabam, su kuwa babu komai a kansu. Hanyar sauti ba ta canja ba, shi ya sa waƙa ke fita. Mazaunin bai lalace ba, adaftar ma ba ta yi laifi ba. Zamaninsu ne ba ɗaya ba."

"Ni ba karatu na zo ɗauka ba. Me za a yi?"

"Mafi sauƙi, a sa caja a ramin laitar kunna sigari."

"Fitilar saman mota ke ciki. Ba na cire ta."

"To akwai wata adafta mai ɗan injin rage wuta a cikinta, tana mayar da sha biyu biyar. Babu ita a layin nan, amma zan sa a kawo. Jibi da safe."

"Jibi." Ya maimaita kalmar kamar zagi. Ya daki rufin motar da tafin hannu har ƙura ta zubo mata a ka. "Ke, in ba ki iya ba ki ce ba ki iya ba. Ina mazan wurin nan ne?"

"Ga su nan, Oga, ga su nan!"

Yaya ne ya ƙaraso yana goge hannu da tsumma, haƙora a waje. Dogo ne siriri, mai son a ce da shi gwani. Ya saurari rabin bayanin, ya karɓi adaftar ya jujjuya ta.

"Wannan ai ƙaramin aiki ne. Oga, zauna a bencin Baba ka huta. Minti ashirin."

Auta ta bi shi cikin shago. Ya wuce kai tsaye ya zauna a kujerarta, ya fasa bayan adaftar da wuƙa.

"Yaya, me za ka yi?"

"Wuta tana nan, ana nemanta a can. Sai a yi mata gada."

"Sha biyu ce fa."

"Zan sa mata wannan ya rage." Ya ɗaga wani ɗan mitsitsin abu da ya ciro daga mataccen rediyo.

"Ba zai riƙe ba. Yanzu injin a kashe yake. In ya tashi wutar za ta haura sha huɗu, abin zai yi zafi ya narke, duka ta wuce cikin batir. Don Allah ka bari. Gara ya zage mu ya tafi."

"Ki ga abin da ya yi wa mai caja? So kike ya yi mana haka?"

"Abin da zai yi in wayar ta ƙone ya fi wannan."

Ta kai hannu za ta ɗauke ƙarfen liƙin. Ya cafke wuyan hannunta ya murɗe har ta durƙusa, ya ture ta ta bugi kantar kaya.

"Ni za ki koya wa aiki? Ina riƙe da ƙarfen nan kina goye a baya. Fita ki ba ni wuri."

Ba ta fita ba. Ta tsaya riƙe da hannu tana kallo, ya ɗiga dalma ɗigo ɗaya a nan, ɗigo ɗaya a can, ya mayar da bayan adaftar ya naɗe da baƙin tef. Aikin ma bai yi kyau ba, dalmar ta taru kamar kashin tsuntsu.

A cikin mota, da injin a kashe, aka dasa wayar. Alamar caji ta fito. Ƙugiya ya yi wata dariya mai kama da tari, ya daki kafaɗar Yaya har ya yi tangal-tangal.

"Ka ji maza. Ita wannan jibi ta ce mini."

Auta ta matso jikin tagar. "Malam, don girman Allah kada ka bar ta a kai in injin yana aiki. Za ta..."

"Rabu da ita, Oga," Yaya ya katse ta. "Tsoron mata ne."

Janwen ta tashi ta bar musu hayaƙi. Baba Mai Faci ya bi ta da kallo, sannan ya dubi Auta.

"'Yata, na ga fuskarki ba daidai ba."

"Baba, ka yi mana addu'a kawai."

Ranar ba ta iya aikin kirki ba. Sau biyu tana liƙa abu a inda ba nan ba. Duk motar da ta taka birki a bakin layi sai ta leƙa waje. Shi kuwa Yaya yana bakin ƙofa yana ba masu walda labarin yadda ya kwantar da Ƙugiya cikin minti ashirin, har da kwaikwayon muryarta, "jibi da safe." Ana ta dariya.

Bayan la'asar kaɗan janwen ta dawo.

Ba ta tsaya a bakin layi ba. Ta hau kan dakali da gudu, ta kwashe tulin tayoyin Baba, ta murƙushe bencinsa, ta tsaya da hancinta a ƙofar shagon. Da Baba bai tashi ɗauko ruwa ba, da shi ke nan.

Ƙugiya ya diro. Rabin gemunsa ya babbake. Wandonsa ya ƙone daga cinya zuwa gwiwa, naman wurin ja jawur. Hannunsa na dama ya ɗaga shi sama kamar ba nasa ba, fatar tafin ta saɓule tana lilo, fari fat. A hannun hagu ya naɗo sarƙa, ƙugiyar ƙarfe na reto a ƙarshenta.

"A kan gangare!" Muryarsa ta dushe. "Da motar mutane a bayana! Wayar ta kumbura ta fashe a kan cinyata, na damƙe ta da hannu, sitiyari ya ƙwace! Motar mutane ta daki ƙarfen gefen titi! Da na mutu!"

Ya kaɗa sarƙar. Akwatin gilashin ya tarwatse gaba ɗaya, ɓaraguzai suka yi ruwa har teburin Auta. Bugu na biyu ya sauke kantar sifiku. Yaya ya yi wuf zai bi ta gefensa ya fice, sarƙar ta same shi a ƙwauri. Ya kifa a kan gilashi. Kafin ya juya Ƙugiya ya danne masa ƙirji da gwiwa, ya take wuyan hannunsa na dama da takalmi, ya ɗaga ƙugiyar ya sauke a kan yatsun.

Auta ba ta taɓa jin namiji ya yi irin wannan ƙara ba. Ba ta san lokacin da ta tsallake ɓaraguzan ba. Ta ƙanƙame rigar Ƙugiya ta baya tana ja, tana dukan bayansa, tana cewa ya bari, don Allah ya bari, za a kai shi asibiti, za a yi komai. Ko gezau bai yi ba. Ya sake saukewa a kan yatsun, sannan ya zarga sarƙar a wuyan Yaya ya ja.

"Wa ya haɗa? Kai ne ko? Faɗi in ji da bakinka!"

Idanun Yaya sun firfito. Ya dubi Ƙugiya, ya dubi Auta da ke maƙale a bayansa tana kuka saboda shi.

"Ita ce," ya ce da ƙyar. "Wallahi ita ce. Ni ban iya liƙi ba. Ka ga teburinta ne, ƙarfenta ne. Ita ce!"

Hannun Auta ya saki rigar da kansa.

Ƙugiya ya waiwayo a hankali. Ya tuna wadda ta shiga motarsa da mita, ya tuna kan teburin wa aka kai adaftar. Ya sassauta sarƙar daga wuyan Yaya ya miƙe.

"Malam, ni ce fa na ce kada ka..."

Da bayan hannu ya kwaɗa mata, sarƙar naɗe a kai. Ta ji wani abu ya fashe a bakinta, ɗakin ya juya, bayanta ya daki kantar kaya, kwalaye suka zubo mata. Ta tofa jini da guntun haƙori. Ya damƙi mayafinta da gashin da ke ƙarƙashi ya ja ta a ƙasa, gilashi na yankar gwiwoyinta, ya ɗaga ta ya jefa kan teburin. Fitila ta faɗi, madubi ya fashe. Ya danna mata damtsensa a maƙogwaro, nauyinsa duka a kai. Tana ganin cikin idonsa, ja kamar gauta, babu kowa a ciki da za a roƙa.

Numfashi ya ƙare mata. Gefen ganinta ya fara duhu. Hannunta na lalube a kan teburin, ya ture mita, ya ture hantsaki, ya taɓa wata igiya. Ta bi igiyar har ta ji mariƙin roba a tafinta.

Ta ɗaga ƙarfen liƙin ta luma masa a kunci, ƙasa da ido, ta danna da duk ƙarfin da ya rage mata.

Ya yi cuuu, kamar an jefa nama a mai. Wari ya cika shagon. Ƙugiya ya yi ruri ya ja baya, ƙarfen ya taho da fata. Ta samu iska ta ja, ta mirgino ƙasa. Bai faɗi ba. Ya dafe kunci da ƙonannen hannunsa, ya kaɗo sarƙar da ɗayan. Ta kare fuska da hannun hagu. Ƙugiyar ta sauka tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, ta ji ƙas, hannun ya lanƙwashe a inda babu gaɓa.

Ya sake ɗagawa. Sai ta ga gwiwoyinsa sun sage, ya durƙushe. Baba Mai Faci ne a bayansa da ƙarfen cire taya, tsoho mai shekara saba'in. Ya ƙara masa ɗaya a kafaɗa, sarƙar ta faɗi.

Faɗuwar sarƙar ce ta buɗe ƙofa. Mutanen da tun safe suka kasa matsawa, yanzu kowa ya zama jarumi. Masu walda suka ja shi waje ta ƙafa. Aka rufe shi da duka, wannan da sifana, wancan da katakon benci, wani da takalmi. Mai caja ya zo da hancinsa naɗe da bandeji, da bulo a hannu, ya sauke masa a haƙarƙari, ya ɗauka ya sake. Auta ta rarrafo bakin ƙofa riƙe da karyayyen hannunta. Ta ga Ƙugiya ya daina karewa, kansa na bin duk inda aka buga shi. Ta ji wani yana cewa a kawo taya, wani yana cewa ga fetur.

Baba ya yar da ƙarfensa ya kutsa tsakiya, ya kwanta a kan mutumin.

"Sai dai ku haɗa da ni! Ba da tayata ba, ba a ƙofata ba! Ku ji tsoron Allah!"

Katako ɗaya ya same shi a baya kafin a ankara. Sai hannaye suka fara sauka. Ana cikin haka motar 'yan sanda ta shigo layin.

Sai a lokacin Auta ta waiga neman Yaya. Ba ya cikin shago. Jan jini ya bi ƙasa daga inda ya faɗi, ya fita ƙofa, ya zagaya bayan janwen. Can aka same shi a tsugune tsakanin taya da bango, ya cusa hannunsa cikin riga. Tun lokacin da Ƙugiya ya juya kanta ya rarrafa ya fice.

Asibiti ɗaya aka kai su su ukun. Aka ɗaure mata hannu, aka yi mata ɗinki bakwai a leɓe, aka yi ta tsince gilashi daga gwiwoyinta da hantsaki. Washegari da hantsi Inna, mahaifiyarsu, na zaune a bakin gadonta, wata 'yar sanda ta shigo da littafi ta ce za ta dawo nan da ɗan lokaci ta ɗauki bayani. Tana fita Inna ta matso.

"Auta, yayanki ya faɗa mini komai. Ya yi kuka har ya ba ni tausayi. Tsoro ne, 'yar nan, sarƙa ce a wuyansa. In matar nan ta tambaya, ki ce adaftar ce ta zo da lahaninta. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

Auta ta dubi nata hannun da ke rataye a wuya.

"Inna, mai caja fa? An fasa masa hanci a kan adaftar da ba ta yi komai ba. In na ce ita ce, shi za a kama."

"To ki ce ba ki sani ba."

"Na sani ai."

Da 'yar sandan ta dawo, Auta ta faɗi komai, leɓenta a kumbure, kalma na fita da ƙyar. Ta faɗi haƙora biyu da sha biyu da biyar, ta faɗi wanda ya zauna a kujerarta, ta faɗi gargaɗin da ta yi a jikin taga, ta faɗi abin da aka ce lokacin da sarƙa ke wuya. Ba ta ɓoye ƙarfen da ta luma wa mutum a fuska ba. Inna ta tashi ta fita tun ba a gama ba, kuma sai da aka yi sati uku ba ta amsa gaisuwarta.

Ƙugiya ya rayu. Haƙarƙari huɗu suka karye, hannun dama ya ƙandare, ya kuma fita da rami a kunci. Alƙali ya ba shi shekara biyu. Yaya ba a ɗaure shi ba, an dai ja masa kunne, amma yatsunsa uku ba su sake lanƙwasuwa ba. Ko sukundireba ba ya iya riƙewa da kyau.

Bayan wata biyu Auta ta koma aiki. Ta sa kafinta ya raba shagon da allon katako, ya fasa mata ƙofa ta gefe. Ba ta yi wa Yaya magana, shi ma ba ya iya haɗa ido da ita. In ya karɓi aikin da ya fi ƙarfinsa sai ya ba Baba Mai Faci ya miƙa mata, ta gyara ta mayar ta hannun Baba. Tsohon ya ce tun da yake bai taɓa zama ɗan aike tsakanin ɗaki da rabinsa ba.

Layin kuwa bai manta ba. Suka raɗa wa Yaya suna Ita-ce. Da farko a bayan idonsa, daga baya a gabansa. Murmushi kawai yake yi, irin na wanda ya san shi ya jawo wa kansa.

Wata rana da rana tsaka tana cikin canja wa wata waya bakin caji, ta ji babban mai walda, wanda ya fi kowa dariya ranar da ake kwaikwayon muryarta, ya ɗaga murya daga tsallake.

"Kai, Ita-ce! Zo ka riƙe mini ƙarfen nan. Au, na manta, hannun mata gare ka yanzu. Ko in kira ita ɗin?"

Layi ya ɗauki dariya. Ta ji motsin kujerar Yaya ta bayan allon, ya tashi zai je.

Auta ta kashe fitila. Ta fito ta tsallaka titi ba tare da ta dubi mota ba. Mai waldan na tsugune da baƙin gilashi a goshi, bakinsa a buɗe bai gama dariya ba. Ta ɗauke shi da mari da lafiyayyen hannunta, gilashin ya yi tsalle ya faɗa kwata.

"Ranar da ake karya shi kana ina? Kana tsaye a nan da guduma a hannu, sai da tsoho ya kayar maka da mutum sannan ka zama namiji. Yayana ne. Abin da ya yi, ni ya yi wa, ba kai ba. Ka sake kiran sunan nan ka gani."

Mutumin ya miƙe, ya fi ta tsawo nesa ba kusa ba, hannunsa dafe da kunci. Ya duba hagu da dama. Babu mai dariya kuma. Ya sunkuya ya shiga laluben gilashinsa.

Da ta juyo, Yaya na tsaye a tsakiyar titi, ƙandararren hannunsa a ƙirji, hawaye na zuba.

"Auta..."

"Ban yafe ba tukuna," ta ce, ba ta tsaya ba. "Ka tashi daga kan titi kada mota ta kwashe ka, in rasa abin da zan faɗa wa Inna."

Ya biyo ta a baya har ƙofarta ya tsaya. Ta zauna ta kunna fitila, ta jawo wayar mutane ta ci gaba da aiki. Ba ta ce ya shigo ba, ba ta kuma ce ya tafi ba. Ya daɗe a tsaye kafin ya jawo wata tsohuwar taya ya zauna a bakin ƙofar.